Masu Kula da Hanyoyin Jiragen Sama a Nijeriya: Tarihin Matsayinsu a Idon Doka

Gabatarwa

Idan aka ja miƙaƙƙen layi a kan taswira daga Kano zuwa Legas, zai ratsa ta ƙasar Makarfi. Idan kuwa daga Kano zuwa Abuja aka ja shi, ta wajejen Ikara zai bi. Watau ke nan mutanen Nasarawan Doya da na Kudan da sauran garuruwan arewacin Jihar Kaduna suna zaune ne kusa da manyan hanyoyi waɗanda ido ba ya gani. Hanyar sama ba ta da kwalta, ba ta da gada ko ɗan sandan da ke ba da hannu. Abin da ke riƙe da ita shi ne ma'aikacin da ke zaune a hasumiyar filin jirgi ko a gaban na'urar rada, yana magana da matuƙi ta rediyo, yana gaya masa nisan da zai hau, da inda zai karkata, da lokacin da zai sauka, don kada jirgi ya kusanci ɗan'uwansa fiye da yadda ƙa'ida ta yarda.

Tambayar da za a bi diddiginta a nan ita ce: hukumar da aka ba lasisin wannan aiki, mene ne matsayinta a doka? Wani reshe ne na gwamnati, ko kuwa ɗan kasuwa ne mai sayar da hajarsa ga wanda ya ga dama? Tarihin Nijeriya da na wasu ƙasashe ya nuna cewa ko da wane irin suna aka kira ta, amanar hukuma take riƙe da ita, kuma wanda ya ba da amanar bai kuɓuta daga alhakinta ba.

Ayyukan Amfanin Jama'a

Akwai wasu ayyuka da masana shari'a suka ware suka kira su ayyukan amfanin jama'a, kamar ruwan famfo da lantarki da reluwe da gidan waya. Ana gane su da alamu huɗu. Ta farko, mai yin aikin ba shi da abokin gasa, domin ba ya yiwuwa a shimfiɗa layin dogo biyu kafaɗa da kafaɗa don mutum ya zaɓi mai araha. Ta biyu, wajibi ne a kansa ya yi wa kowa aiki ba tare da nuna bambanci ba. Ta uku, ba shi ke yanka wa kansa farashi yadda ya so ba, sai da idon hukuma. Ta huɗu, ba shi da ikon rufe ƙofa ranar da ya ga ciniki bai yi ba.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ce ga wannan tunani ba. Kafin zuwan Turawa, fatake masu zuwa Gwanja suna biyan kuɗin fito a bakin manyan koguna, suna kuma biyan garama ga sarakunan da suke ratsa ƙasarsu. Abin da ake sa rai a madadin wannan biya shi ne a ƙetarar da ayari lafiya, a kuma tsare masa hanya daga 'yan fashi. Sarkin da ya karɓi garama ya bar hanya ta lalace, fatake kan kauce wa ƙasarsa. Kowa ya ci ladan kuturu, aka ce, ya yi masa aski.

Da Turawa suka zo sai abin ya ɗauki sabuwar siga. Layin dogo ya isa Kano cikin 1911, ya bi ta Zariya da tashar Gimi a ƙasar Makarfi, kuma gwamnati ce ta gina shi ta riƙe shi. Daga bisani aka fitar da irin waɗannan ayyuka daga ofisoshin gwamnati aka kafa musu hukumomi masu dokar kansu: hukumar lantarki a farkon shekarun 1950, da ta tashoshin jiragen ruwa da ta reluwe a tsakiyarsu. Wannan tsari na hukuma mai cin gashin kanta, amma mallakar gwamnati, shi ne aka yi wa aikin kula da samaniya, ko da yake sai bayan fiye da shekara arba'in.

Samaniya ta Wa Ce?

Malaman fiƙihu sun daɗe da cewa sararin da ke bisa fili yana bin filin. Malikawa ma sun halatta mutum ya sayar da sararin da ke saman gininsa domin wani ya yi gini a kai, muddin an bayyana irin ginin. Tsohuwar dokar Ingila ita ma ta ɗauka cewa mai ƙasa shi ke da abin da ke samanta har iyakar sama. To, da wannan hukunci ya tsaya yadda yake, da kowane jirgi sai ya nemi izinin kowane manomi kafin ya wuce ta kan gonarsa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya shi ya warware zancen, domin ya nuna cewa ta sama ana iya kai wa ƙasa hari. Cikin 1919 aka ƙulla yarjejeniya a Faris wadda ta tabbatar cewa kowace ƙasa ita ke da mulkin samaniyarta. Sa'an nan ran 7 ga Disamba, 1944, ƙasashe 52 suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Shikago, wadda ta fara aiki cikin Afrilu 1947, ta kuma haifi Hukumar Jiragen Sama ta Duniya, watau ICAO. Sassa uku na wannan yarjejeniya su ne ginshiƙin maganar. Sashe na 1 ya ce mulkin samaniya na ƙasa ne ita kaɗai. Sashe na 28 ya ɗora wa ƙasa nauyin tanadar filayen jirgi da rediyo da labarin yanayi da sauran kayan jagorar jirage. Sashe na 15 kuwa ya hana a fifita jiragen gida a kan na baƙi wajen biyan kuɗi, ya kuma hana karɓar kuɗi don ratsa samaniya kawai. Abin lura shi ne, ƙasa aka ɗora wa nauyin. Yarjejeniyar ba ta hana ta wakilta wani ya yi aikin ba, amma ita za a tambaya.

Kano, Ƙofar Sama

Jiragen sama na farko da suka sauka Kano guda uku ne na mayaƙan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka iso ran 1 ga Nuwamba, 1925. A lokacin babu hasumiya, babu mai ba da umurni; fili ne aka share, matuƙi ya duba da idonsa ya sauka. Cikin 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja daga Hartum zuwa Kano, daga baya har Legas. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa hanyar muhimmanci, domin dubban jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi ta Kano da Maiduguri suke bi zuwa Sudan da Masar. Bukatar soja ce ta sa aka inganta filaye da rediyo da ma'aunin yanayi.

Bayan yaƙi Kano ta zama zango ga jiragen da ke ƙetare Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka, kamar dai yadda ta kasance zangon ayarin raƙuma a da. Wannan ne asalin abin da ya sa da aka raba samaniyar duniya yanki-yanki domin ba matuƙa bayani, yankin da ya ƙunshi Nijeriya da sunan Kano aka san shi, ko da yake Legas ce hedkwatar ƙasa a lokacin. A duk wannan zamani aikin yana hannun sashen jiragen sama na gwamnatin mulkin mallaka, ma'aikatansa kuwa ma'aikatan gwamnati ne kamar na gidan waya.

Maƙwabta ta arewa wata hanya suka bi. Ran 12 ga Disamba, 1959, Faransa da ƙasashen da take shirin ba 'yanci suka kafa hukuma guda, ASECNA, mai hedkwata a Dakar, suka danƙa mata kula da samaniyarsu gaba ɗaya. Nijar tana cikinta, makarantarta ta horar da ma'aikata ma a Yamai take. Sabo da haka jirgin da ya tashi daga Kano ya nufi arewa, da ya wuce iyakar yankin Kano sai ya koma hannun hukumar da ƙasashe da dama suka yi tarayya a kanta.

Daga Ma'aikata Zuwa Hukuma

Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Shikago cikin 1960, shekarar da ta sami 'yanci. Cikin 1964 aka yi dokar jiragen sama ta ƙasa, wadda ta ba minista ikon tsara ƙa'idoji. A shekarar ce kuma Doka mai lamba 31 ta kafa makarantar horar da ma'aikatan jiragen sama a Zariya, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da ICAO. Daga wannan makaranta, wadda ke maƙwabtaka da ƙasar Kudan da Makarfi, aka riƙa yaye 'yan ƙasa masu kula da zirga-zirgar jirage da injiniyoyin rediyo da suka gaji Turawa.

Da arzikin man fetur ya zo, jirage suka yawaita, aikin hajji ta sama ya bunƙasa, sai tsarin ma'aikata ya gaza. Ofishin da ke jiran kasafin shekara kafin ya sayi kayan gyaran na'ura ba zai iya tafiya daidai da sana'ar da ba ta barci ba. Cikin 1976 Dokar Soja mai lamba 45 ta kafa hukumar filayen jiragen sama, amma kula da zirga-zirga ya ci gaba da zama a ma'aikata. A tsakanin 1989 da 1990 aka kafa wata hukuma, FCAA, aka haɗa mata aiki biyu: ita ke tsara ƙa'ida da ba da lasisi, ita ce kuma ke gudanar da hasumiyoyi. Cikin 1995 aka rushe ta, aka mayar da sa ido ma'aikata, aka haɗa kula da zirga-zirga da kula da filaye a ƙarƙashin FAAN.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare yana da aibinsa. A na 1990, mai yin aiki shi ne mai duba kansa, alhali taura biyu ba ta taunuwa. A na 1995 kuwa, kuɗin rada da rediyo sun shiga tukunya ɗaya da kuɗin gine-gine da share fili. Ran 7 ga Nuwamba, 1996, jirgin kamfanin ADC da ya taso daga Fatakwal ya faɗa ruwa a Ejirin kusa da Legas yayin da matuƙinsa ke ƙoƙarin kauce wa karo da wani jirgi, mutum 144 suka rasu. Binciken da aka yi ya ambaci kuskure wajen raba jiragen biyu daga ƙasa a cikin musabbabin haɗarin. Daga nan zancen gyara ya wuce gardamar ofis.

Rabuwar 1999

A ƙarshen mulkin soja, cikin 1999, aka yi dokoki biyu a jere. Mai lamba 48 ta kafa Hukumar Kula da Sararin Samaniyar Nijeriya, NAMA. Mai lamba 49 ta kafa hukumar sa ido, NCAA. Dukansu suka fara aiki a farkon 2000. Daga nan ɗaya ta zama mai yin aiki, ɗaya mai tsara ƙa'ida da bincike. Ma'aikacin da ke magana da matuƙi sai da lasisin NCAA yake zama a kujerarsa, kuma Kashi na 14 na ƙa'idojin jiragen sama ya tanadi cewa mai gudanar da aikin kansa sai ya sami takardar amincewa. Dokar 2006 ta ƙarfafa wannan rabo, dokokin 2022 suka sabunta shi.

A nan ne alamu huɗun nan suka bayyana sarai. Tsarin Mulki na 1999 ya sanya harkar jiragen sama cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka gwamnan da dokar filaye ta 1978 ta danƙa wa ƙasar jiha ba shi da ta cewa a kan samanta. Jihohi da dama sun gina filayen jirgi da kuɗinsu, amma ba su kafa nasu hukumomin kula da samaniya ba. Matuƙin da ya shigo yankin Kano ba shi da zaɓin wanda zai yi wa magana; cibiyar Kano ce ko ta Legas, gwargwadon inda yake. Kayan aikin ma dukiyar ƙasa ce: shirin rada na ƙasa baki ɗaya, wanda aka ba kamfanin Thales kwangilarsa cikin 2003 aka ƙaddamar cikin 2010, ya kafa tashoshi tara, har da na Kano da Talatan Mafara da Maiduguri da Numan.

Kuma duk lokacin da siyasa ta taso, ana ganin wanda ke da samaniyar. Cikin Maris 2021 Gwamnatin Tarayya ta hana shawagi a saman Jihar Zamfara saboda tsaro. Cikin Agusta 2023, bayan juyin mulki, sojojin Nijar suka rufe samaniyar ƙasarsu duk da cewa ASECNA ce ke gudanar da ita, jiragen Turai masu zuwa kudu suka riƙa yin zagaye mai nisa. A wuraren biyu gwamnati ce ta yanke hukunci, mai lasisi kuwa isar da umurni kawai ya yi.

Abin da Ya Faru a Wasu Ƙasashe

Tun daga ƙarshen shekarun 1980 ƙasashe da yawa suka fitar da wannan aiki daga ma'aikatun gwamnati. Jamus ta mayar da nata kamfani mallakar gwamnati cikin 1993. Kanada ta sayar da nata cikin 1996 ga Nav Canada, kamfanin da ba shi da masu hannun jari, ba ya kuma raba riba. Ingila ta shigo da 'yan kasuwa cikin NATS a 2001, gwamnati ta riƙe kashi 49 cikin ɗari, amma aka sa kamfanin ƙarƙashin lasisi da ƙayyade farashi. Amurka kuwa ta bar nata a hannun gwamnati.

Canza riga bai canza hukunci ba. Cikin Janairu 1994 Kotun Turai ta saurari ƙarar da ta haɗa wani kamfanin jirgi na Jamus da hukumar Eurocontrol a kan kuɗin hanya. Kamfanin ya ce hukumar 'yar kasuwa ce mai danniya. Kotu ta ce kula da samaniya aiki ne na ikon hukuma, dokokin gasar kasuwa ba su hau kansa ba. Sa'an nan ran 1 ga Yuli, 2002, jirage biyu suka yi karo a saman Überlingen a kudancin Jamus, mutum 71 suka mutu, galibinsu yara 'yan makaranta daga Rasha. Kamfanin Skyguide na Suwizalan ne ke kula da wannan yanki a daren. Duk da haka cikin 2006 kotun Konstanz ta ɗora alhakin diyya a kan Jamus, domin samaniyarta ce, kuma ba ta miƙa aikin ta hanyar ingantacciyar yarjejeniya ba. A shekarar nan dai Shugaba Horst Köhler ya ƙi sa hannu a dokar sayar da mafi yawan hannun jarin kamfanin Jamus, yana mai cewa ta saɓa wa tsarin mulki.

Yajin Aiki da Kuɗi

Matsayin aikin amfanin jama'a yana da nauyi a kan ma'aikata. Cikin Agusta 1981 Shugaba Reagan na Amurka ya kori masu kula da zirga-zirga fiye da 11,000 da suka tafi yaji. A Nijeriya dokar soja ta 1976 a kan muhimman ayyuka ta haɗa da filayen jirgi da sufurin sama, dokar 2006 kuma ta ayyana duk aikin da ya shafi tashi da saukar jirgi lafiya a matsayin muhimmin aiki. Amma wanda aka taƙaita wa 'yancin yaji, dole a buɗe masa wata ƙofar kai kuka, in ba haka ba doka ba za ta tsayar da shi ba. Yajin da ma'aikatan ASECNA suka yi cikin Satumba 2022, wanda ya tsayar da jirage a ƙasashe da dama, ya nuna haka.

Zancen kuɗi shi ne ya fi wuya. Manufar ICAO ita ce a karɓi abin da zai biya ɗawainiyar aikin, a kuma tuntuɓi masu biya. NAMA tana samun kuɗinta daga abin da jirage ke biya na hanya da na sauka, da kuma rabonta daga kashi 5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan tikiti, wanda dokar 2006 ta ba ta kashi 23 cikin ɗari nasa. Amma baitulmali ya daɗe yana lissafa ta cikin hukumomi masu kawo kuɗin shiga. Cikin 2024 umurnin cire rabin abin da irin waɗannan hukumomi ke tarawa ya shafe ta, shugabanninta da ƙungiyoyin ma'aikata suka koka. Cikin Yuli na shekarar ta ba da sanarwar ƙarin kuɗin hanya mai yawa, kamfanonin jirage suka yi ca, minista ya sa aka dakatar. Sai ta tsinci kanta an hana ta ƙara farashi don ita ta jama'a ce, ana kuma yankar abin da ta tara kamar mai cin riba. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Kammalawa

A cikin shekara 75, daga saukar jirage uku a Kano zuwa fara aikin NAMA, kula da samaniyar Nijeriya ya tashi daga idon matuƙi, ya shiga ofishin gwamnati, ya bi ta hukumomi masu haɗa aiki biyu, har ya tsaya a hukuma mai lasisi wadda wata ke dubawa. Wannan rabuwa nasara ce, kuma an biya ta da tsada.

Abin da tarihin ke koya wa ɗalibin shari'a da ma'aikacin gwamnati shi ne cewa lasisi izinin riƙon amana ne. Ba ya mallaka wa mai riƙe da shi samaniya, ba ya kuma sauke wa ƙasa nauyin da ta ɗauka a Sashe na 28. Duk wanda zai rubuta takardar shawara a kan sayar da hukumar, ko haɗe ta da mai sa mata ido, ko cire wani kaso daga kuɗinta, ya kamata ya fara amsa tambaya ɗaya: idan rediyo ya ɗauke a daren da jirgin alhazai ke neman sauka Kano cikin hazo, wa za a tuhuma? Yarjejeniyar Shikago da Tsarin Mulki sun riga sun nuna Gwamnatin Tarayya. Tun da haka ne, kuɗin da jirage ke biya don a kula da hanyarsu ya cancanci ya koma kan rada da rediyo da horar da ma'aikata, kafin a waiwayi wata bukata.